Ku Tambaya Mu Amsa: Tseren Jirgin Waya da Rigimar Saitin Inji

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon duk tambayoyin da na ɗauko akan ƙananan jiragen nan ne masu inji da ake riƙewa da wayar ƙarfe ana tsere da su, don su suka fi yawa a saƙonnin da suka shigo, kuma harka ce da nake ƙauna tun muna yara muna haɗa jirgin kara da na gwangwani a lungu. Bismillah.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Dan Allah ni fa na ga bidiyo a Facebook, mutum uku a tsakiyar fili suna ta juyi kamar masu hajijiya, jirage na zagaye su da mugun gudu, can gefe kuma wasu da hular kwano suna cafke jirgin da hannu. Wai meye wannan, kuma ina rimot ɗin? Daga wani ɗalibi a Ɗorayi.

AMSA: Ƙanena babu rimot ko kaɗan. Wayoyi ne guda biyu na ƙarfe sirara, kaurin kowacce bai kai rabin milimita ba, sun taso daga mariƙin da ke hannun matuƙi sun shiga ta fiffiken hagu na jirgin, a ciki akwai wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku da yake juya jan wayar ya koma motsin jela. Ka karkato hannu sama jirgi ya hau, ka karkatar ƙasa ya sauko, shikenan tuƙin. A Amurka abin ya yaɗu wajen 1940, wani mai suna Jim Walker a garin Portland shi ya cika kasuwa da shi. Hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, wadda aka kafa a 1905 kuma ofishinta yake Lozan a Suwizalan, ita take da dokokin, kuma wanda ka gani sunansa F2C, tseren ƙungiya. Kowace ƙungiya mutum biyu ce, matuƙi a tsakiya, bakanike a gefe, ƙungiya uku suke tashi lokaci ɗaya. Tsawon wayar mita 15.92 ne, kuma ba haka kawai aka tsinci wannan lambar ba, in ka buga lissafin da'ira zaka ga zagaye ɗaya mita 100 ne, zagaye 10 kilomita 1. Tseren share fage zagaye 100, na ƙarshe 200. Injin bai wuce 2.5cc ba, tanki kuma 7cc kacal, wato cokalin shayi ɗaya da ɗan ƙari, shi yasa dole a sauko shan mai a tsakiyar tsere, kuma anan ne masu hular kwanon suke shigowa. Gwanaye suna gudun kusan kilomita 200 a awa, zagaye ɗaya bai cika sakan biyu ba, zagaye 100 ɗin nan a minti uku da 'yan sakanni sun gama har da tsayawar shan mai.

TAMBAYA: Yallabai ina gaisuwa. Ni mai gyaran janareta ne a Ƙofar Ruwa, wani ɗan uwana ya kawo min tsohon inji PAW 2.5 daga Ingila na haɗa masa jirgi. Matsalata, lokacin sanyi da safe na samu saiti mai kyau har na yi masa alama da fenti, yanzu da zafi ya shigo saitin nan dai ban taɓa ba amma in ya yi zagaye goma sha sai sautinsa ya yi nauyi, gudu ya ragu, man da yake fitarwa baƙi ƙirin, in ya sauka kuma sai na buga farfela har yatsana ya gaji bai tashi ba. Ko fistin ne ya mutu?

AMSA: Maigida fistinka lafiyarsa ƙalau in sha Allah, amma in ka ci gaba da tashinsa a haka to zaka kashe shi da hannunka. Abin da ya faru shine kai baka taɓa saiti ba, yanayin gari ne ya taɓa maka shi.

Ka san wannan injin ba irin na janaretan da kake gyarawa bane, babu fulogi, babu batir, matsi ne kawai yake kunna man, shi yasa ake ce masa dizal duk da ba man gas yake sha ba. Wannan sukurun da ke saman kan silinda yana danna wani ɗan fistin na biyu ne a ciki, in ka ɗaure shi ɗakin wuta ya ƙanƙance matsi ya ƙaru wuta ta kama da wuri, in ka sassauta wuta ta yi jinkiri. Wato a yarenku na gareji sukurun nan shine tayimin ɗinka. Allurar da ke gefen kafireta kuma ita ke auna mai. Abu biyu ne kacal, amma kowanne yana taɓa ɗan uwansa, anan mutane suke ruɗewa.

To a watan Janairu da asuba iskar Kano sanyi gareta kuma tana da nauyi, inji yana son matsi da yawa kafin ya kama, yana kuma son mai da ɗan yawa. Ka zo Afrilu rana ta take, ma'auni yana taɓa 40, iskar da yake shaƙa da zafinta ta shigo, ga jikin injin ya ɗau zafi bayan zagaye goma, sai wutar ta riƙa kamawa tun fistin bai ƙarasa hawa ba, fistin na turowa sama wuta na danna shi ƙasa, wannan nauyin sautin da kake ji kenan, inji ne yake kokawa da kansa. Baƙin man nan kuwa shaida ce ƙarara, mai ne yake ƙonewa fiye da kima. Ni kullum bayan sauka yatsa nake sawa in shafo man da ya fesu a jikin jirgi in duba, in ya yi kalar zuma ko ruwan shayi marar madara to muna lafiya, in ya koma kalar bunu sai in sassauta sukuru tun kafin in sake zuba mai.

Ga yadda zaka yi. Ka manta da alamar fentin nan. Ka sassauta matsi har sai inji ya fara tari yana tsallake bugu, irin burr-burr ɗin nan, sannan ka riƙa ɗaurewa kaɗan kaɗan, kaɗan fa nake nufi, kamar tafiyar minti biyu ko uku a fuskar agogo, har tarin ya kusa ɗaukewa, sai ka tsaya anan. Kar ka nemi sautin da ya fi daɗi a ƙasa. Injin da ya yi zaƙi tun yana hannunka to a zagaye na goma sha biyar zai dahu. Wanda ake so shine ya tashi da ɗan tarinsa a zagaye biyu ukun farko, in ya ɗumama ya washe da kansa ya riƙe wannan muryar har tanki ya ƙare. Bayan nan ka koma kan allura, ita ma daƙi ɗaya ɗaya, in ka matse ta da yawa zai ƙara zafi don man da kansa yana sanyaya inji, in ka sake ta da yawa zai yi sanyi ya zubar maka da mai a banza. Kuma dan Allah abu ɗaya zaka taɓa a kowane tashi. In ka juya sukuru ka juya allura ka canza farfela duk a lokaci guda, ko ya gyaru baka san wanne ya gyara ba, gobe ka dawo inda ka fito. Farfelar ma in ka sa babba tana son ka rage matsi.

Akwai kuma wani ɓarawo da banga ka ambata ba, shine man kansa. Man waɗannan injina haɗi ne na kananzir, da man zurma ko wani man inji mai kyau, da sinadarin eta, irin wanda a da ake sumar da mutum da shi in za'a yi masa tiyata. Kananzir shine ƙarfin, man zurma shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe, eta kuma ita ke sa wuta ta kama da sauƙi. To ita eta a zafin digiri 35 take tafasa, kaga kenan a Kano da bazara in ka bar gwangwani a rana ko murfi bai ɗauru ba tana gudu ta barka da kananzir da mai, sai inji ya ƙi tashi, kai kuma ka yi ta ƙara matsi don ya kama, in ya kama kuma ya ƙone. Ina kyautata zaton rabin wahalar yatsanka daga nan take. Gwangwanin ƙarfe mai murfi da roba zaka samu, ka naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu a inuwa kamar yadda ake yiwa tulu, ka ɗebi na tashi ɗaya ka rufe nan take. Kuma nesa da wuta, nesa da mai sigari, nesa da ɗakin da yara suke kwana, tururinta nauyi gareshi yana bin ƙasa ya je ya samu wuta inda take.

Na ƙarshe ka sayi ɗan littafi na naira kaɗan. Kwanan wata, ƙarfe nawa, zafi ko sanyi, farfela wacce, sakan nawa a zagaye 10, zagaye nawa tanki ya kai, kalar mai. Wata uku kana wannan zaka ga kana zuwa fili ka kalli sama ka san inda sukuru zai zauna.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni da yayana muke wannan harkar, shine bakanike ni nake tuƙi, amma yanzu sati biyu bama magana sosai. Ni ina so a matse inji ya yi gudu don abokan da muke karawa da su suna wuce ni a sama, shi kuma yace a'a, kuma duk sanda muka sha kashi sai yace nine bana kawo masa jirgi daidai hannunsa, ni kuma nace shine baya iya tada inji. Hajiyarmu har ta fara cewa mu bar abin tunda zai raba mu. Waye mai gaskiya? Daga Gwammaja.

AMSA: Ɗana, wannan saƙon naka shi yafi tsaya min a rai duk cikinsu. A maganar saiti yayanka ya fika gaskiya, a maganar sauka kuma sai na ga yadda kake sauka, amma bari mu bi abin da lissafi don lissafi baya son kai.

A ce jirgin abokanku yana zagaye 10 a sakan 20, naku a sakan 20 da rabi. A zagaye 100 sun baku sakan 5 kenan, kuma na san yadda yake ci a zuciya mutum ya riƙa ratsawa ta saman kanka kana ji kana gani. To amma tankinku fa? Mai son ya gama zagaye 100 da tsayawa biyu dole kowane tanki ya kai masa zagaye 34. In aka buɗe wa inji don gudu ya koma yin 31 ko 32, tsayawa ta uku ta wajaba, kuma tsayawa ba sakannin da jirgi yake hannun bakanike kaɗai bane, ka haɗa da rage gudu, da gangarowa, da sake ɗaukar gudu daga sifili, wannan kaɗai ya cinye sakan biyar ɗin da kake kuka akai har da ƙari. In kuma matsi aka ƙara ya sauko da zafi kamar garwashi, maimakon bugu ɗaya ya tashi sai an yi goma, kana tsugune a tsakiya kana jin su suna ta zagaye. Sau nawa na ga jirgin da yafi kowa gudu a fili ya zo na uku. Yayanka yana kare muku abin da ba'a gani ne daga tsakiyar da'ira.

Amma shi ma ya ji nasa. Bakanike baya jin abin da matuƙi yake ji. Kai ne wayar take hannunka, kai ne zaka fara sanin ja ya ragu tun kafin kunnensa ya kama canjin sauti, kai ka san ko a zagaye na nawa inji ya fara nauyi, ko sanda ka maƙale a bayan wani jirgi mai tafiyar hawainiya ne ya ɗau zafi. In ya ƙi sauraronka don kai ƙane ne to ya toshe kunnensa guda. Girman yaya yana nan a gida, ka gaishe shi ka ɗaukar masa akwatin kaya, amma in jirgi ya sauka dole ya tambayeka me ka ji, kai kuma ka faɗa masa abin da ka ji kawai, hukuncin sukuru ka bar masa. Mu haka muka raba da abokin tafiyata tun farko, hannuna baya zuwa kan mariƙinsa, nasa baya zuwa kan allurata, amma bana juya komai sai na ji ta bakinsa.

Yanzu maganar kawo jirgi. Gwanayen duniya daga cafkewa zuwa saki sakan biyu zuwa uku suke yi, bakanike ya cafke fiffike da hannu ɗaya, gwangwanin mai yana ɗaure a damtsensa da iska a matse a ciki, ya danna bakin bututu a bawul tanki ya cika, ya bugi farfela sau ɗaya ya saki. Amma wannan saurin rabinsa aikin matuƙi ne. Kai kake kashe inji, da ɗan fizgar jela ƙasa da ke rufe hanyar mai, kuma inda ka kashe shi ne yake yanke irin gudun da jirgi zai iso da shi. Ka kashe a makare ya zo masa da gudun da zai iya karya fiffike ko ya ji masa ciwo, ka kashe da wuri ya mutu a nesa sai ya taso da gudu yana nema. Don haka ku samu alama a fili, bishiya ko wani gini, kullum a daidai nan zaka kashe, ku gwada ku matsar da alamar gaba ko baya har ku samu inda jirgi yake gangarowa tayarsa a ƙasa ya shigo tafin hannunsa kamar an miƙa masa. Ku ware rana guda ba tsere ba agogon gudu, zagaye biyar a kashe, a cafke, a tayar, zagaye biyar a kashe, sau ashirin ko talatin. Ku sa wani yaro ya ɗauke ku a waya, in kun koma gida ku kalla tare, bidiyon zai faɗi wanda ya makara ba sai kun faɗawa juna ba.

Ku kuma yi yarenku na hannu, don a cikin ƙarar inji uku ko ihu kake ba mai jinka. Shi yake da agogo da ƙidayar zagaye, in ya ɗaga hannu ka san saura biyu ka kashe, in ya nuna ƙasa ka san yana jin inji ya dahu gara a sauko tun bai lalace ba, kai kuma kar ka tsaya musu a sama. Sannan ka kiyaye dokokin tsakiya don laifinka shi ma ya shafe shi, ana wuce jirgi ta sama ne ba ta ƙasa ba, ba'a jan jirgi da ƙarfin hannu don a ƙara masa gudu, ba'a tare abokin karawa da jiki, in jirginka yana ƙasa ka tsuguna wayoyinka su kwanta don na wasu su wuce. A tseren zagaye 100 gargaɗi uku ne a fitar da ku ku biyun, komai kyan saitin da ya kwana yana yi.

Ka gaida Hajiya, ka ce mata ta ƙara muku wata ɗaya. Kuma kai zaka fara zuwa wajensa tunda kai ne ƙarami, ka tafi da wannan shafin ku karanta tare.

TAMBAYA: Malam ni uwa ce, yarona ɗan shekara 13 ya dame ni da wannan abu, ni kuma tsoro nake ji. Akwai haɗari? Daga Hotoro.

AMSA: Hajiya akwai, kuma gara da kika tambaya. Babba shine wayar lantarki. Wayoyin jirgin ƙarfe ne, in suka taɓa ko suka kusanci babbar wayar wuta abin yana kashewa, don haka duk filin da turken wuta yake kusa haramun ne gare shi, haka in hadari ya haɗo ana walƙiya a naɗe kaya. Fili kuma sai mai faɗin aƙalla mita 50 ta kowane ɓangare, ba masu ƙwallo ba awaki, a nemi izinin masu wurin, a yi nesa da filin jirgin Malam Aminu Kano da barikin jami'an tsaro. Farfela tana yanka yatsa, ya sa safar fata ko ya buga da ɗan sanda mai roba. Kafin kowane tashi a ja wayoyin da ƙarfi a tabbatar ba zasu tsinke ba, a ɗaure mariƙin a wuyan hannu da igiya. Man kuma babba ne zai riƙe masa. Kar ya fara da na tsere, a yi masa mai sauƙi da filawud siriri ko robar allon talla wanda in ya faɗi za'a miƙe a ci gaba, da gajerun wayoyi, babba ya dafa hannunsa a tashin farko. Jirin da kike gani a bidiyo yana wucewa in ya koyi kallon jirgin maimakon bishiyoyin baya. In an kiyaye waɗannan ni dai ina goyon bayansa, yaron da ya iya saita wannan ɗan injin ya koyi lissafi da haƙuri da aikin hannu a wuri ɗaya, kuma garin nan da ma yana da tsohuwar alaƙa da jirgi, tun a 1925 jirgin sama ya sauka a Kano.

TAMBAYA: Oga jirgina yana tashi sai ya shigo ciki ya nufo ni waya ta saki, sau biyu yana faɗuwa. Daga Sharaɗa.

AMSA: Ɗan uwa duba iska. In jirgi yana ɓangaren da iska take fitowa tana turo shi kanka ne, kuma a lokacin tashi bashi da gudun da zai ja waya. A hunturu iskarmu daga arewa maso gabas take busowa, to mai sakin jirgi ya tsuguna ta kudu maso yamma, iska tana bayanka kai matuƙi. Ka liƙa ɗan nauyi a ƙarshen fiffiken waje, kwabo ɗaya ko wani ɗan noti ya isa, don ya rama nauyin wayoyin da ke jan na ciki, in kuma ka ji waya ta fara saki ka ja da baya da sauri taku biyu uku. Ka yayyafa ruwa a wurin tashi ko ka shimfiɗa tsohuwar tabarma saboda ƙura, don ita take cinye fistin, in kun gama ka toshe bakin kafireta da salansa da ɗan ƙyalle. Ka gwada ranar Asabar da sassafe kafin iska ta taso, ka rubuto min zagaye nawa ka samu.